Ko Ka Sani? Murhun Itacen da Ba a Iya Toshe Masa Iska Gaba Ɗaya

A manyan biranen Birtaniya akwai unguwannin da doka ta hana gidajensu fitar da hayaƙi ta bututun saman rufi, amma duk da haka a cikin waɗannan unguwanni ake samun gidajen da ke ƙona itace don ɗumama ɗaki a lokacin hunturu ba tare da sun taka doka ba. Abin da ya ba su wannan dama shi ne wani rufaffen murhu na ƙarfe mai ƙofar gilashi, wanda aka gwada a ɗakin bincike, aka tabbatar cewa hayaƙinsa bai wuce ƙa'ida ba, sannan ma'aikatar kula da muhalli da abinci da harkokin karkara, wadda aka fi sani da Defra, ta sanya sunansa a jerin murahun da aka yarje wa amfani da su. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, bambancin irin wannan murhu da wanda ba a amince da shi ba sau da yawa bai wuce wani ɗan ƙarfe da aka ɗaure a jikin makunnin iska ba, wanda ke hana mai gida rufe kafar iskar ruf, ko da ya so yin hakan.

Dokar ta samo asali ne daga wata masifa da ta auka wa birnin Landan daga ranar 5 zuwa 9 ga Disamba na shekarar 1952, lokacin da sanyi ya tsananta, iska ta tsaya cik, kuma wani shimfiɗin iska mai ɗumi ya danne mai sanyi a ƙasa, ta yadda hayaƙin kwal da ke fita daga gidaje da masana'antu da tashoshin lantarki ya rasa hanyar tashi sama, ya gauraya da hazo, ya lulluɓe birnin. Ƙididdigar farko ta nuna cewa mutane wajen 4,000 ne suka rasu, amma binciken da aka yi daga baya ya kai adadin zuwa kusan 12,000. Gwamnati ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Sir Hugh Beaver, wanda ya miƙa rahotonsa a 1954, kuma a 1956 majalisa ta zartar da Dokar Tsabtace Iska, wadda ta ba ƙananan hukumomi ikon ayyana wani yanki a matsayin yankin taƙaita hayaƙi. An tattara dokokin wuri guda a 1993, sannan Dokar Muhalli ta 2021 ta sauƙaƙa aiwatar da hukunci a Ingila, inda a yanzu ƙaramar hukuma ke iya cin tarar fam 175 zuwa 300 idan bututun gida ya fitar da hayaƙi mai yawa, kuma wanda ya sayi makamashin da ba a halatta ba don ƙonawa a murhun da ba ya cikin jerin yana iya biyan tarar da ta kai fam 1,000. Itace ba ya cikin makamashin da aka halatta kai tsaye a waɗannan yankuna, saboda haka ba a ƙona shi sai a murhun da aka keɓe.

Ba za a fahimci amfanin ɗan ƙarfen nan ba sai an san cewa hayaƙin itace makamashi ne da ya tsere bai ƙone ba. Idan aka sa gungumen itace a wuta, abu na farko da ke faruwa shi ne ruwan da ke cikinsa ya tafasa ya fice a matsayin tururi. Daga nan, idan zafin ya haura digiri 200 zuwa 300 a ma'aunin Salshiyas, sai jikin itacen ya fara rugujewa yana sakin iskoki masu kamawa da wuta da kuma tururin kwaltar itace, waɗanda su ne mafi yawan nauyin busasshen itace. A ƙarshe kuma gawayi ne ke saura, yana ci a hankali ba tare da harshen wuta mai tsawo ba. Waɗannan iskoki ba sa ƙonewa sosai sai sun sami abubuwa uku a lokaci guda, wato zafin da ya kai kimanin digiri 600, da isasshiyar iska mai ɗauke da oksijin, da kuma ɗan lokacin da za su cakuɗa da ita kafin su fice. Idan ɗaya ya yi ƙaranci, sai su huce su daskare su zama ƙananan ƙwayoyi, su ne hayaƙin da ido ke gani. Duk macen da ta saba girki a murhu mai duwatsu uku ta san wannan a aikace, domin idan wuta ta turnuƙe sai ta gyara zaman itacen ta fifita, nan take hayaƙin ya kama ya koma harshen wuta.

An ƙera murhun zamani ne don ya haɗa abubuwan nan uku. Cikinsa an jera shi da tubalin famikulait, wani ma'adini marar nauyi da ke riƙe zafi, domin kada jikin ƙarfen ya zuƙe zafin wutar da wuri. A samansa akwai wani faifai da aka gicciya, wanda ke tare iskokin ya tilasta musu zagayawa ta gaba kafin su shiga bututu, abin da ke ƙara musu lokacin zama a wuri mai zafi. Iska kuma tana shiga ta hanyoyi daban-daban: ta farko tana shigowa daga ƙasa, kuma an fi buƙatarta wajen kunna wuta, ta biyu tana bi ta wasu hanyoyi a jikin murhun ta yi zafi, sannan ta gangaro ta fuskar gilashin ƙofa, tana ciyar da wutar tana kuma hana kunkunniya manne wa gilashin, ta uku kuwa tana fesowa ta wani layin ƙananan huji a bangon baya, daidai inda iskokin ke taruwa. Wanda ya duba ta gilashi bayan murhun ya ɗau zafi zai ga ƙananan harsunan wuta suna fitowa daga bakin hujin nan, a sama da itacen ba a jikinsa ba, kuma wannan shi ne hayaƙin yake ci kafin ya sami damar fita. Shi ya sa irin wannan murhu ke iya mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfin itace ya zama ɗumin ɗaki, alhali buɗaɗɗen murhun bango na gargajiyar Turawa yana asarar mafi yawan zafinsa ta bututu.

Al'adar da ke rusa duk wannan tsari ita ce ta cika murhu da itace da daddare a toshe iska, domin wutar ta kwana tana ci a hankali har safiya. A irin wannan hali zafin ciki yana sauka, harshen wuta ya mutu, amma itacen ya ci gaba da sakin iskokinsa, waɗanda ke fita ɗanyu su watsu a unguwa, wasu kuma su maƙale a bututu su zama kwaltar itace mai saurin kamawa da wuta. Ɗan ƙarfen da ke jikin makunnin iska an sa shi ne don ya hana wannan, ta hanyar barin wata 'yar kafa a buɗe kullum. Iyakar da ake gwada murahun da ita ta kasance kimanin giram 5 na hayaƙi a awa ɗaya, da ɗan ƙari gwargwadon ƙarfin murhun, kuma a shirin inganta muhalli na 2023 gwamnati ta bayyana niyyar rage ta zuwa giram 3.

Mai neman saye zai ci karo da shaidu uku da ake yawan ruɗawa. Ta farko ita ce amincewar Defra, wadda ta shafi izinin ƙona itace a yankin taƙaita hayaƙi, kuma ana tabbatar da ita ta hanyar duba sunan samfurin a jerin hukuma, tare da lura cewa Ingila da Sikotilan da Wels da Ireland ta Arewa kowace tana da nata izinin. Ta biyu ita ce ƙa'idar Ecodesign, wadda ta fito daga Tarayyar Turai, kuma tun daga 1 ga Janairun 2022 ta zama tilas ga kowane sabon murhu da za a sa a kasuwa a Birtaniya. Ta ƙayyade cewa rufaffen murhun itace kada ya wuce miligiram 40 na ƙura a kowace mita kubik ta iskar bututu, da miligiram 1,500 na kabon monoksaid, da miligiram 200 na iskokin naitirojin oksaid. Cika ƙa'idar Ecodesign ba ya nufin murhu ya sami amincewar Defra, domin gwaje-gwajen biyu daban suke. Ta uku ita ce alamar clearSkies, wadda masana'antar murahu ta ɓullo da ita a 2020, mai matakai daga 2 zuwa 5, inda mataki na 3 ke nuna cewa murhun ya haɗa shaidu biyun farko, na 4 da na 5 kuma suke nuna cewa ya zarce su.

Girman murhu yana da tasiri a kan hayaƙi fiye da yadda ake zato, domin wanda ya sayi murhun da ya fi ƙarfin ɗakinsa zai wayi gari kullum yana rage masa iska saboda zafi ya yi yawa, ke nan ya koma ga matsalar da aka gudu. Ana auna ƙarfin murhu da kilowat, kuma masu sana'ar suna da wani lissafi na kintace, wato a ninka tsawon ɗaki da faɗinsa da tsayinsa a raba da 14. Ɗaki mai tsawon mita 5 da faɗin mita 4 da tsayin mita 2.5 zai ba da 50, wanda idan aka raba da 14 ya kusa kilowat 4, saboda haka murhu mai kilowat 4 ko 5 ya ishe shi, musamman idan bangon gidan yana riƙe ɗumi. Ƙa'idojin gini sun buƙaci a buɗe wa murhun da ya haura kilowat 5 wata kafar iska ta dindindin daga waje, sababbin gidaje masu matsattsun ƙofofi da tagogi kuwa suna iya buƙatar kafar ko da murhun ƙarami ne. Haka nan wajibi ne a maƙala na'urar ƙararrawa mai gano kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ko wari amma tana kisa, kuma aikin girkawa ana ba da shi ne ga ma'aikacin da ke da rajista da hukuma irin su HETAS, ko kuma a sanar da sashen duba gine-gine na ƙaramar hukuma.

Bayan murhu sai itacen kansa. Itacen da aka sare yanzu yana iya ƙunsar ruwa rabin nauyinsa, wato gungume mai kilo 2 yana ɗauke da lita guda ta ruwa wadda dole wuta ta tafasa ta kafin ta ɗumama kowa, kuma tururin yana sanyaya cikin murhun har iskokin su kasa kamawa. Saboda haka daga Mayun 2021 Ingila ta hana sayar da ɗanyen itace a ƙananan ƙulli, wato ƙasa da mita kubik biyu, sai wanda danshinsa bai wuce kashi 20 cikin 100 ba, kuma ana gane shi da tambarin Ready to Burn, ma'ana ya isa ƙonawa. Wanda ke shanya nasa yakan faskara shi ya jera a rumfar da iska ke ratsawa na tsawon shekara ɗaya zuwa biyu, gwargwadon irin bishiyar, sannan ya gwada da 'yar na'ura mai allura biyu, wadda ake cakawa a fuskar da aka faskara a lokacin, ba a bayan itacen da ya riga ya bushe ba. Katakon da aka shafa wa fenti ko maganin gara, da tarkacen kayan ɗaki, da shara, duk ba su halatta ba, domin izinin murhu yana tafiya ne tare da irin makamashin da kamfanin ya ambata.

Yadda ake kunna wutar ma yana da nasa rabon, kasancewar mintunan farko, lokacin da murhu da bututu suke da sanyi, su ne suka fi hayaƙi. Hanyar da ake ba da shawara a kanta ita ce a shimfiɗa manyan faskare a ƙasa, a ɗora ƙirare a kansu, a kunna daga sama, ta yadda wutar za ta riƙa sauka, iskokin da ke tasowa daga ƙasa kuma su bi ta cikin harshen wutar su ƙone. Ana ƙara itace kaɗan kaɗan a kan jan garwashi tare da buɗe iska har sai ya kama, ana kuma share bututu aƙalla sau ɗaya a shekara. Gilashin da ya yi baƙi da hayaƙin da ake hangowa a saman rufi bayan murhu ya ɗau zafi alamu ne cewa ko itacen ɗanye ne, ko iska ta gaza.

Duk da haka, murhu mai ƙarancin hayaƙi ba murhu marar hayaƙi ba ne. Abin da ya fi damun likitoci shi ne ƙurar da ake kira PM2.5, wato ƙwayoyin da faɗinsu bai wuce maikiron 2.5 ba, alhali maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Saboda ƙanƙantarsu suna kutsawa can cikin huhu, kuma an danganta su da cututtukan zuciya da shanyewar ɓarin jiki da asma. Rahoton shekara na 2022 na babban jami'in lafiya na Ingila, Farfesa Chris Whitty, ya nuna cewa murhun Ecodesign yana fitar da ƙurar da ta yi ƙasa ƙwarai da ta buɗaɗɗen murhu, amma kuma ta ninka ta tukunyar ɗumama gida mai aiki da gas kusan sau 450 idan aka kwatanta su a kan zafi iri ɗaya. Ma'anar wannan ita ce, gidan da ya sauya buɗaɗɗen murhu ko tsohon murhu da sabon da aka amince da shi ya rage wa unguwarsa ƙura, amma gidan da yake da gas ko lantarki ya ƙara murhun itace don ado ya ƙara mata ne, komai kyan shaidar da ke jikin murhun. Alƙaluman da ke kan takardar shaida kuma an samo su ne a ɗakin gwaji, da busasshen itace, a hannun ƙwararru, saboda haka kusantarsu a gida ta dogara ga dacewar girman murhun da ɗaki, da bushewar itacen, da kuma barin iskar nan ta yi aikinta.