Kaka Da Jika A Gaban Doka: Abin Da Ya Kamata Hausawan Agege Su Sani

Tun zamanin da fataucin goro ya janyo Hausawa zuwa Agege, musamman bayan da hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Ikko da Kano a shekarar 1912, jama'ar Zango ke riƙe da al'adarsu ta riƙon yara. Idan uwa ta rasu, ko aure ya mutu, kaka ce ke ɗaukar jika, ba takarda ba shaida. In gardama ta taso, akan kai ta gaban limami ko Sarkin Hausawa a sasanta.

Wannan al'ada kuwa tana da tushe a shari'a. A mazhabar Malikiyya, idan haƙƙin reno ya faɗi daga hannun uwa, mahaifiyar uwa ce ta farko da za ta karɓa, tana gaba da uban yaron kansa. Namiji yana hannunta har ya balaga, mace kuwa har ta tare a ɗakin miji. Haka kuma Musulunci ya yarda da riƙo, amma ya hana a raba yaro da sunan mahaifinsa.

To, sai dai Agege a Jihar Ikko take, jihar da ba ta da kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati. Tun 1968 jihar ke da dokar mai da ɗan wani naka. A 2003 Gwamnatin Tarayya ta kafa Dokar Haƙƙin Yara, Ikko kuma ta kafa irin tata a 2007. A ƙarƙashin wannan tsari, da zarar Kotun Iyali ta yanke hukuncin mai da yaro ɗan wasu, duk wani iko da nauyi na iyayensa na asali ya ƙare, ya koma kan sababbin iyayen, kamar su suka haife shi. Watau igiyar da ta ɗaure kaka da jika a idon doka ta tsinke ke nan, ko ganinsa ma sai da yardar masu riƙonsa.

Ba a Nijeriya kaɗai ake wannan fama ba. A Ingila, galibi sai kakanni sun nemi izinin kotu kafin su shigar da buƙatar ganin jikokinsu. A Amurka kuwa, Kotun Ƙoli ta fifita ra'ayin iyaye a kan na kakanni a shekarar 2000.

Saboda haka, tun ran gini ran zane. Idan jika ya faɗa hannun hukuma ko gidan marayu, wajibi ne kakanni su hanzarta zuwa Ma'aikatar Matasa da Jin Daɗin Jama'a da ke Alausa, Ikeja, su bayyana kansu kafin a yanke hukunci. Wadda jika ke hannunta ma, gara ta nemi kotu ta tabbatar da ita a matsayin mai kula da shi, ta adana takardar haihuwarsa da rasit na makaranta da na asibiti. Abin da alƙali ke dubawa da farko shi ne maslahar yaron, kuma kakar da ta zo da hujja a hannu ta fi wadda ta zo da hawaye kawai. Allah ya raya mana zuriya, amin.