13 ga Mayu: Abin da ya fito da matan Nijar kan titi, da inda maganar ta shafe ka

 Ga abin da muka tattauna a filinmu na makon jiya. Mun sa shi a takarda saboda waɗanda kiwo ko tafiya ta hana su saurare.

Wani Alhaji mai fataucin albasa ne ya tayar da maganar. Ya ce duk shekara idan 13 ga watan Mayu ta gabato sai uwargidansa ta nemi kuɗin anko, wai ranar mata ce. Shi kuma ya san an riga an yi wata ranar matan a 8 ga Maris, to wannan ta biyun daga ina ta fito? Alhaji, tambayarka ta yi. Ta 8 ga Maris ta duniya ce baki ɗaya. Ta 13 ga Mayu kuwa ta Nijar ce ita kaɗai, kuma asalinta babu anko babu kiɗa. Rigima ce aka yi a kan kujera.

Bari mu koma baya kaɗan. Janar Seyni Kunce ya rasu a watan Nuwamba na 1987, Ali Saibu ya gaje shi. Lokacin aljihun gwamnati ya bushe saboda faɗuwar kuɗin uraniyom, albashi yana jinkiri, ɗalibai da ma'aikata suna ta ƙorafi. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 jami'an tsaro suka buɗe wuta a kan ɗalibai masu jerin gwano a gadar Kennedy da ke Yamai, aka kashe uku. Daga nan magana ta ƙi kwanciya. Ƙungiyar ƙwadago ta USTN da ta ɗalibai ta USN suka matsa, har gwamnati ta yarda a kafa jam'iyyu barkatai, a kuma kira babban taron ƙasa, wanda mutanenmu suka laƙaba wa suna taron gamin gambiza.

Taro irin wannan sai da shiri. Aka kafa kwamitin da zai tsara wa za a gayyata, kowane ɓangare kujera nawa zai samu, da abin da za a tattauna. Mutum 68 aka sa a kwamitin. Mace ɗaya ce a cikinsu, ita ma ta ƙofar ƙungiyar ƙwadago ta shiga. Gwamnati ta turo maza, jam'iyyun da ke kukan an danne su sun turo maza, ɗalibai ma haka. Wato masu neman a yi musu adalci su ma da aka zo rabon kujera sai suka manta da rabin ƙasar.

Ranar 13 ga Mayu 1991 dubban mata suka fito a Yamai. Akwai malaman makaranta, ma'aikatan asibiti da na ofis, ɗalibai, da matan kasuwa da na unguwa. Suka tashi daga bakin majalisar dokoki suka nufi ofishin faraminista da takardar kokensu, wasu kuma suka kutsa har inda kwamitin yake zama suka hana aiki ya ci gaba. Ba su nemi buhun shinkafa ba, ba su nemi injin niƙa ba. Cewa suka yi ba za a tsara makomar ƙasa babu su a ɗakin ba. Aka ƙara mata biyar a kwamitin. Taron gamin gambiza ya buɗe ranar 29 ga Yuli ya rufe 3 ga Nuwamba na wannan shekarar, Farfesa André Salifu ya shugabance shi. A 1992 gwamnatin riƙon ƙwarya ta mayar da 13 ga Mayu ranar matan Nijar a hukumance.

Wani zai ce, duk wannan hayaniyar a kan kujera biyar? Kai makiyayi ka fi kowa sanin amsar. Ka tuna ranar da aka zauna a gidan hakimi ko a ofishin magajin gari aka shata gonaki, ba a kira Arɗo ba. Da damina ta faɗi ka taho da shanu sai ka tarar an nome burtali, hanyar mashaya ta zama gonar gero. Wataƙila ma waɗanda suka zauna ɗin ba su ƙi ka ba, kawai babu wanda ya tuna da kai, domin ba ka nan. Kuma da aka buga hatimi, sai maganarka ta koma roƙo. Abin da matan nan suka hango ke nan. Ƙuri'a suna da ita tun 1956, tun kafin Faransa ta sauka. Shekara 35 suna shiga layi suna zaɓen wasu, amma inda ake yanke magana ba a ajiye musu tabarma ba.

Kada kuma a ɗauka daga ranar komai ya gyaru. A zaɓen 1999, cikin kujeru 83 na majalisar dokoki mace ɗaya tak ta samu shiga. Wannan ne ya sa ƙungiyoyin mata suka canza dabara. Suka ga fitowa titi tana buɗe ƙofa ta yini guda, gobe a sake rufewa, don haka suka nemi a rubuta abin a doka. A watan Yuni na 2000, zamanin Tanja Mamadu, aka kafa dokar kaso. Ku lura da yadda aka rubuta ta, domin da yawa ba su sani ba: dokar ba ta ce "mata" ba. Cewa ta yi kowane jinsi, maza ko mata, kada ya gaza kashi 10 cikin ɗari na zaɓaɓɓu, kada kuma ya gaza kashi 25 na waɗanda ake naɗawa a gwamnati da manyan muƙamai. Da za a wayi gari mata sun cinye majalisa, da dokar nan ce za ta ceci maza. A zaɓen 2004 mata 14 suka shiga majalisa mai kujeru 113, ɗaruruwa kuma suka zama kansiloli a ƙananan hukumomi. An ɗaga kason zaɓaɓɓu zuwa kashi 15 a 2014, sannan a 2019 ya koma 25 na zaɓe da 30 na naɗi. Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya rushe majalisar da aka zaɓa a ƙarƙashin wannan lissafi.

Mu a nan ba za mu ɓoye muku aibin abin ba. Sau da yawa jam'iyya takan cike gurbin da matar wani babba ko ƙanwarsa, wadda ba ta taɓa ɗaukar ƙwaryar nono ta yi tafiyar kilomita goma ba. Kuma ba duk abin da ƙungiyoyin mata suka nema ba ne jama'a suka karɓa. Daftarin dokar iyali ya maƙale tun shekarun 1990 saboda ƙungiyoyin addinin Musulunci sun ce akwai abin da ya saɓa wa shari'a a ciki, kuma a 2006 majalisa ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo ta haƙƙin matan Afirka. Su kansu matan bakinsu bai zo ɗaya ba a kan waɗannan. Akwai malamai mata da suke cewa a fara da ba mace abin da addini ya riga ya ba ta, gadonta na gona da na dabba, sadakinta, da neman yardarta kafin aure, domin ko wannan ba a cika shi a ƙauyuka da yawa.

Yanzu mu ƙetara iyaka. 'Yan'uwanmu na Najeriya suna da nasu tarihin, kuma ya girmi na Yamai. A ƙarshen 1929, can ƙasar Ibo, a wani gari da ake kira Oloko, aka turo mutum ya ƙirga mutanen gida da awaki da tumaki. Matan sun ga yadda aka yi da mazansu: an fara da ƙirga, aka ƙare da haraji. Duk wanda ya ji labarin jangali daga bakin kakansa ya san abin da ƙirgar dabba take nufi. Wata mata mai suna Nwanyeruwa ta yi cacar baki da mai ƙirgar, labari ya bazu kasuwa zuwa kasuwa, dubban mata masu cinikin manja suka tashi. Suka kewaye gidajen sarakunan da Bature ya naɗa, suka farfasa kotuna. Sojojin mulkin mallaka suka harbe mata fiye da 50. Amma ba a ɗora wa matan harajin ba, kuma dole Turawa suka sake tsarin sarakunan nan nasu. Shi ne ake kira yaƙin matan Aba.

A Arewa kuwa sunan da kowa ya sani shi ne Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, 'yar jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano. An haife ta a 1933, ta rasu a 2001. Ta sha duka, ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, saboda tana tara mata tana yi musu maganar ƙuri'a, da karatun 'ya'ya mata, da auren dole. Matan Kudu sun yi zaɓen 1959, na Arewa kuwa sai a 1976 aka ba su dama, suka kuma yi babban zaɓen 1979. Ka ga matar Maraɗi ta riga 'yar'uwarta ta Katsina jefa ƙuri'a da shekara 20, alhali tafiyar 'yan sa'o'i ce tsakaninsu.

Har yau Najeriya ba ta da dokar kaso irin ta Nijar. A majalisar dattawan da aka zaɓa a 2023, mai kujeru 109, matan ba su kai biyar ba. Ranar 1 ga Maris 2022 majalisar tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar na gyaran tsarin mulki da suka shafi mata, washegari mata suka tare ƙofar majalisar a Abuja, suka yi kwanaki suna dawowa. Majalisar wakilai ta ce za ta sake duba uku daga ciki, amma har wa'adinta ya ƙare ba a gyara ba.

Ɗaya daga cikin ƙudurorin nan ya shafe ku kai tsaye, ku mutanen Ƙonni da Illela, Ɗan Isa da Jibiya, Magarya da Ɓaɓura, inda aure yake ƙetare iyaka kullum. A tsarin mulkin Najeriya, idan ɗan Najeriya ya auro mace daga wata ƙasa, tana iya yin rajista ta zama 'yar ƙasa ta dalilin auren. Idan 'yar Najeriya ce ta auri baƙo, mijinta ba shi da wannan ƙofar, sai ya bi doguwar hanya. Nijar ta gyara nata a 2014: mace 'yar Nijar tana iya ba mijinta baƙo damar zama ɗan ƙasa kamar yadda namiji yake ba matarsa. To Alhaji, idan kai ɗan Najeriya ne da ka yi aure a Madawa ka zauna can kana kasuwanci, wannan gyaran kai ya yi wa amfani, kuma ƙungiyoyin mata suna cikin waɗanda suka yi ta nacin a yi shi.

Mu dawo ruga. A al'adarmu nono na mace ne. Ita take tatsa ko a tatso mata, ita take kaɗa man shanu, ita take dama fura ta kai kasuwa, da kuɗin take sayen gishiri da sabulu da maganin yaro. Idan aka toshe burtali garke ya yi nisa da gari, cinikinta ne yake fara mutuwa. Idan rijiyar makiyaya ta koma hannun mutum ɗaya, ita ce za ta ƙara tafiya da jaki. Haka 'yar kasuwar da take tsallaka iyaka da ɗaurin zogale ko kwanon ƙuli-ƙuli. Ba ta da babbar mota, ba ta da ɗan kamasho da zai yi mata magana, kowane shinge sai ta sauke kaya ta kwance bakin zane. Amma je ka zaman ƙungiyar 'yan kasuwa da jami'an duwan ka ƙirga mata nawa ne a wurin.

A Nijar akwai kujerar da doka ta riga ta ajiye, mutane da yawa ba su san da ita ba. Tsarin dokar karkara na 1993 ya kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda ake kira KOFO, tun daga matakin gunduma har zuwa ƙauye da ruga. Su ne suke shaida cinikin gona da aronta, suke sa alamar burtali da makiyaya, suke duba ɓarnar da dabba ta yi. A kwamitin ƙauye akwai mai gari, akwai wakilan manoma, akwai na makiyaya, kuma akwai wakiliyar mata. A wurare da dama sunan kawai aka rubuta, ba a kiranta zama, ko kuma a kira ta ta zauna can baya ta yi shiru har a tashi.

Inda muka ga abin yana tafiya, galibi akwai ƙungiyar asusu a bayan wakiliyar. Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi aka fara ta a 1991, shekarar jerin gwanon Yamai, da taimakon ƙungiyar CARE. Mata su haɗu duk mako, kowa ta zuba abin da ta iya a akwati, a ba mai bukata rance ta biya da ɗan ƙari. Wadda ta saba tsayawa gaban 'yan'uwanta ta ba da lissafin kuɗi ba ta jin nauyin buɗe baki gaban mai gari, kuma daga cikinsu an samu waɗanda suka zama kansiloli.

Saboda haka Inna, ke da kike da shanun gado a garken ɗan'uwanki ko gonar da ba ta da takarda, ki tambayi mai gari ko sakataren KOFO wace ce wakiliyar mata a ƙauyenku, kuma yaushe aka yi zama na ƙarshe da ita. Kai ma Arɗo, idan an kira ka zaman shata burtali kafin damina, ka tafi da ɗaya daga cikin masu kai nono kasuwa, domin ita ta san hanyar da aka toshe bara. Duk wanda ya je ya tambaya, ya aiko mana da amsar da aka ba shi ta hannun wakilinmu na kasuwar garinsu, za mu karanta a fili na gaba ba tare da faɗin suna ba.