Amanar Allura: Ƙarasa Bargon da Wani Hannu Ya Fara

A Amurka, idan dattijo ya rasu, magada kan buɗe gidansa na 'yan kwanaki, su sa wa kayan ciki farashi, jama'a su shigo su saya. A irin wannan gwanjo, a wajen birnin Chicago cikin 2019, wata gwanar ɗinkin ado mai suna Shannon Downey ta ci karo da wani akwatin roba cike da yankakkun ƙyallaye da zare da takardun zane. Mai kayan tsohuwa ce mai suna Rita, wadda ta rasu tana da shekara 99. Ta ɗauri aniyar ɗinka bargo mai ɗauke da jihohin Amurka 50, kowace da taswirarta da tsuntsunta da furenta, haɗe da taurari 50, amma kaɗan daga ciki ta samu yi kafin ajali ya riske ta. Downey ta sayi akwatin a kan dala 6.

Irin wannan bargo hawa uku ne. Akwai fuska, wadda ake haɗawa da ƙananan ƙyallaye masu launi iri-iri. Akwai auduga a tsakiya. Akwai yadin baya. Sai a bi su da ɗinki sahu-sahu har su zama abu guda, kana a naɗe baki. Duk wanda ya taɓa duba lifidin dawaki a hawan sallah ya san dabarar. Fuskar ce mai cin rai, don takan ɗauki watanni ko shekaru. Shi ya sa ake yawan samun ta a ajiye ba a ƙarasa ba: ido ya raunana, ko yatsu sun sandare, ko mai ita ta riga mu gidan gaskiya.

Downey ta ga aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai ta yi shela a Instagram. Mutane sama da 1,000 suka amsa. Aka raba ƙyallayen ta gidan waya, kowa ya ɗinka nasa ya mayar, aka taru a Chicago aka harhaɗa. A 2020 aka baje shi da sunan Bargon Rita a gidan adana barguna na ƙasa da ke Paducah a jihar Kentucky. Bayan shekara biyu, a 2022, wasu ƙawaye biyu, Masey Kaplan da Jennifer Simonic, suka kafa ƙungiyar Loose Ends, wadda ke haɗa iyalan mamaci ko majinyaci da masu sa kai da za su ƙarasa saƙa ko ɗinkin da ya bari, ba tare da karɓar ladan aiki ba.

Labarin yana da daɗin ji, amma aikin kansa yana da wuyar sha'ani, kuma a nan ake gane mai riƙon amana. Tsohon yadi ba ya jure ja kamar sabo. Barguna da yawa na shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, an yi su ne da buhunan fulawa da na abincin dabbobi, waɗanda kamfanoni suka riƙa bugawa da zanen furanni saboda sun san mata na yin sutura da su. Haɗa irin wannan ƙyalle da sabon yadi mai kauri yakan sa tsohon ya yage a bakin ɗinki. Don haka masu aikin kan nemi yadin zamaninsa, ko wanda aka buga da kamanninsa.

Wanki ma tarko ne. Fuskar da ba a haɗa ta da baya ba, bakin ƙyallayenta a sake yake. Idan aka jefa ta a injin wanki sai zare ya warware ya cukuikuye. Jan launi kuma yakan zuba ya ɓata fari. Abin da gwanaye ke yi shi ne su dangwala farin tsumma mai damshi a kan kowane launi su ga ko zai kama, su kuma jinkirta wanki sai an gama ɗinki. Garin gyaran gira ba a son a rasa ido.

Jarrabawa mafi girma ba ta yadi ba ce, ta zuciya ce. Mai ƙarasawa za ta tarar da kusurwar da ba ta haɗu ba, da ɗinkin da ya faro ƙanana a jere ya koma manya a karkace. Hannunta zai yi ƙaiƙayin farkewa ta gyara. A ganina bai kamata ba, sai inda bargon ba zai riƙu ba in ba a gyara ba. Wannan karkacewar ita ce shaidar shekarun mai aikin. Jikokinta ba ƙwarewar baƙuwa suka zo nema ba, hannun kakarsu suke so su taɓa. Dalilin ke nan da masu sa kai na Loose Ends kan sa 'yar alama a daidai inda allurar mai aikin ta tsaya.

Akwai kuma masana tarihin sutura da ke cewa ba kowace fuska ce ya dace a ƙarasa ba, kuma maganarsu abar saurare ce. A ƙa'idarsu, shekarun bargo na bin ɓangarensa mafi sabunta, don haka fuskar ƙarni na 19 da aka ƙarasa bana ta zama bargon bana. Bayan fuska kuma taska ce: a bargunan ƙyallaye masu kusurwa shida, mata kan naɗe kowane ƙyalle a kan takardar da suka yanko daga jarida ko wasiƙa, kuma waɗannan takardu kan nuna lokaci da wurin da aka yi aikin. Ƙarasawa na nufin cire su. Fuskar da ta tsufa ƙwarai ko take da irin wannan shaida, alherin da za a yi mata shi ne a adana ta yadda take.

Saura kuwa, waɗanda aka fara don wani ya rufa, haƙƙinsu ne su kai gado. Sharaɗin shi ne gaskiya. A ɗauki hoton gaba da baya kafin a taɓa. A tambayi iyali wa aka nufa da shi. Idan an gama, a ɗinka ƙyalle a baya ɗauke da suna biyu da shekara biyu: wadda ta fara da wadda ta ƙarasa. Mai ƙarasawa wakiliya ce, ba magajiya ba, kuma wakili nagari shi ne wanda ya isar da saƙo yadda aka ba shi, ya kuma faɗi sarai inda maganar mai saƙo ta ƙare tasa ta fara.