Rama a kududdufi, lilin a raɓa

Idan damina ta ja baya a Danchuwa da ƙauyukan da ke kewaye da Potiskum, akan ga ramar da aka shuka a gefen gona ta ɗara mutum tsawo. Ganyenta ya riga ya tafi kwaɗo, saura kara, kuma zaren da ake tuƙa igiya da shi yana cikin ɓawon karan nan. Haka yake ga filaks, tsiron da ake saƙa yadin lilin da zarensa, wanda Misirawan dā suke naɗe gawarwakin fir'aunoni da shi.

A tsirran biyu, wani danƙo da masana ke kira fektin shi ke manne zaren da kara. Hannu ba ya raba su da kyau, sai an bar ƙananan halittu sun cinye danƙon. Shi ya sa manomi ke ɗaure rama dami-dami, ya nutsar a kududdufi, ya danne da duwatsu ko itace, ya bar ta mako ɗaya zuwa biyu gwargwadon ɗumin ruwan. A nan gwaninta take. Wanda ya yi gaggawar tsamowa zai tarar ɓawo ya ƙi saɓuwa, zaren ya fito da kaushi. Wanda ya yi sakaci kuwa, ruɓar ta zarce cikin zaren kansa, igiyar ta tsinke a fizgar farko da bijimi ya yi. Gwani yakan je kullum ya zaro kara ɗaya ya murza, yatsunsa su gaya masa lokaci. Daga nan sai saɓa, wanki da shanya.

A Faransa, wadda ta fi kowace ƙasa noman filaks na zare, da Beljiyam, tuge shi ake yi har saiwa don kada zaren ya gajarce. Ana shimfiɗa shi a gona makonni, raɓa da yayyafi su yi aikin kududdufi. Sannan inji ya karya karan, ya kakkaɓe, ya taje zaren. A dā cikin kogin Lys suke jiƙa shi a Beljiyam, amma suka daina, domin ruwan jiƙo yana wari, yana kuma kashe kifi. Mu ma ya kamata mu raba wurin jiƙon rama da tafkin da dabbobi ke sha.

Abin da ke damuna shi ne igiyar roba da buhun leda sun kusa kore rama, alhali kasuwar shanun Potiskum, ɗaya daga cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, tana cin igiya ba adadi. Igiyar rama idan ta tsufa ƙasa ce ke cinye ta. Guntun leda kuwa saniya ke haɗiya ya toshe mata tumbi. A shekarun 1960 har masana'antar buhun rama aka kafa a Jos. Dattawan da suka iya jiƙo suna nan a ƙauyukanmu, sai dai samarin da ke bin su kududdufi su koya sun yi ƙaranci.