Gida Mai Ɗaki Goma Sha Huɗu a Kakuri

A soron gidan akwai wani dogon bututun ƙarfe da aka kafa a jikin bango, daidai ƙugun mutum. Yaran gidan na yanzu lilo suke yi a kansa, mata kuma su shanya tabarma. Ba don haka aka kafa shi ba. Wurin ɗaure kekuna ne. Muna yara, da magariba sai ka ƙirga keke goma ko fiye a jere, kowanne da sarƙarsa da ɗan kwadonsa, kuma mai kowane keke magidanci ne mai albashi. A wannan gidan haya aka haife ni, a ɗaki na uku ta hannun dama, a unguwar Kakuri da ke kudancin birnin Kaduna.

Mai gidan, wanda kowa ke kira Baba, ba attajiri ba ne. Shi ma ma'aikacin masaƙa ne, ya dai riga su mahaifinmu shiga. Da kuɗin adashi ya sayi fulotin. Idan wata ya yi, sai ya sayi siminti buhu biyu ko uku a buga masa bulo, a jibge a gefe. Da bulo ya isa ɗaki sai a ɗora, a rufa kwano, a zuba ɗan haya, kuɗin hayan kuma ya tafi ɗaki na gaba. Banki bai ba shi ko sisi ba. Haka aka gina yawancin gidajen Kakuri da Makera da Nasarawa, kuma har gobe haka talakan ƙasar nan yake gini. Duk bangon da ka gani a unguwar, albashin wani ne ya daskare.

Albashin daga masaƙu yake fitowa. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL, wadda gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta kafa tare da wani kamfanin Ingila. UNTL ta biyo baya a 1964 da jarin 'yan kasuwar Hong Kong, ga Arewa Textiles da aka yi da Japanawa, inda Adams Oshiomhole ya fara aiki kafin ya zama jagoran ƙungiyar ma'aikatan masaƙu. Ga kamfanin harhaɗa motocin Peugeot da ya fara aiki a 1975, duk a yanki ɗaya. Auduga na zuwa daga su Funtuwa da Gusau, yadi da atamfa na fita zuwa Kantin Kwari da Onica, har ƙetaren iyaka.

Mu dai abin da muka sani jiniyar masaƙa ce. Ba mai buƙatar agogo a unguwar. Ma'aikata kashi uku ne, na safe da na rana da na dare, don haka titi ba ya barci. Mai shayin bakin layinmu yakan dafa ruwa sau uku, daidai da fitowar kowane kashi. Wata Inna mai tuwo da shinkafa tana da littafin makaranta mai layi-layi, kowane ma'aikaci da shafinsa. Ka ci yau, ka ci gobe, a rubuta. Ranar albashi ka zo ka goge. Tela da mai wanki da guga da mai gyaran keke duk kan irin wannan littafin suke rayuwa. Ba wanda ke fargabar ba da bashi, domin kowa ya san ranar da kuɗi ke fitowa. A gidanmu akwai Bahaushe da Bajju da Tibi da Idoma da Bayarabe, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Ɗaki bai taɓa kwana bakwai ba kowa. Kafin mai tashi ya gama ɗaure kaya, wani ya aiko da kafin alƙalami.

Ciwon ya daɗe yana cin jiki kafin a kwanta. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran injuna da rini kuwa daga waje ake sayo su. Wutar NEPA ta zama sai an ga dama, baƙin man da ake hura tukwanen masaƙa ya yi tsada ya kuma yi wuyar samu. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi. Atamfar Sin ta riƙa sauka a Kwatano, ta biyo ta Maraɗi ta faɗo Katsina da Kano, wata ma ɗauke da zanen da aka kwaikwaya daga na Kaduna, a farashin da masaƙar gida ba ta isa ta yi gogayya da shi ba. KTL ta rufe a 2002. Sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya, UNTL ma ta tsaya a 2007.

Masaƙar da mahaifinmu ke aiki ba ta ce an kore shi ba. Cewa aka yi a je gida a jira. Ya yi ta goge takalminsa na aiki duk ranar Lahadi har tsawon watanni.

Littafin Inna ne ya fara mutuwa. Shafi bayan shafi ba gogewa, har ta rasa kuɗin awo, ta sauke tukunya. Daga nan abin ya iso soro. Kekunan suka riƙa raguwa, yau a sayar da ɗaya don kuɗin makaranta, gobe ɗaya don asibiti. Sai kuɗin haya. Na tuna wani dare mahaifinmu ya sami Baba a tabarmarsa, ya durƙusa ya ce, "Baba, wata biyar ke nan, wallahi kunya ce ta hana ni haɗa ido da kai." Baba ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Tashi, Malam. In na kore ka, wa zan sa? Ni ma nawa haƙƙin suna can ba su ba ni ba."

Wannan ita ce gaskiyar da masu lissafi daga nesa ba sa gani. Mai gida da ɗan haya jirgi ɗaya ya kwaso su. Baba ya gina ɗakunan ne don su zame masa fansho, sai ga fanshon da ɗakunan sun rushe rana ɗaya. Notis ba shi da amfani inda ba mai shiga. Wasu 'yan hayan suka kwashe iyali suka koma ƙauye noma. Wasu suka sulale da dare suka bar makulli a jikin ƙofa, ba don mugunta ba, don nauyin sallama. Waɗanda suka rage suka koma acaɓa da gadi da leburanci. Ɗakuna biyu na ƙarshe da Baba ya kai linta suka tsaya a nan, ciyawa ta fito a ciki, awaki suka mayar da su makwanci.

Rikicin 2000 da na 2002 suka zo suka ƙara gishiri a miki. Kogin Kaduna ya zama iyaka. Musulmi da yawa suka bar kudanci suka nufi Tudun Wada da Rigasa, Kiristoci suka bar arewacin gari suka nufi Sabon Tasha da Television da Unguwar Romi. An sayar da gidaje a lokacin kamar ana sayar da tumatir da yamma, wasu ma musaya suka yi, ka ba ni naka in ba ka nawa, ba tare da duba wanne ya fi ba. Dillalai sun ci kasuwa. Mutanen da suka shekara ashirin suna ɗiban ruwa a rijiya ɗaya suka rabu, yawancinsu ba su sake haɗuwa ba. Mu ma a lokacin muka tashi.

Bara na koma. Na ɗauka zan tarar da kango, sai na tarar gidan a cike maƙil, ya fi da cika. An raba falon Baba gida biyu da katako. Ɗakin da muka zauna mu shida yanzu mutum tara ne a ciki, iyalin da suka gudo daga wani ƙauye ta wajen Birnin Gwari saboda 'yan bindiga. A wani ɗakin samari huɗu ne masu tuƙa Keke Napep, suka haɗa kuɗi suka kama. Akwai malamin makarantar kuɗi da ya baro ciki da falo a Barnawa saboda an ninka masa haya.

A nan na fahimci matsin yau ba irin na jiya ba ne. Jiya ɗaki ne ya rasa mai shiga. Yau mai shiga ne ya rasa ɗaki, alhali aljihunsa bai fi na jiya nauyi ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000. Buhun siminti da ake saya ƙasa da naira 5,000 a farkon 2023 ya haura 10,000 a wasu wurare a Fabrairun 2024. Hanyar da Baba ya bi, ta buhu biyu a ƙarshen wata, ta toshe. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, to amma nawa ne a gidan nan ke karɓar albashi? Wanda ya kamata a ce ya gina nasa ya tashi yana nan zaune, wanda ke zuwa kuma bai fasa zuwa ba. Shi ya sa haya ke hawa a unguwar da ba aikin yi. Kuma yanzu ba a karɓar ta wata-wata. Shekara ake so a dunƙule, ga la'adar dillali a kai.

Ba zan zagi magadan Baba ba, Allah Ya jiƙansa. Babban ɗansa ya zagaya da ni ya nuna mini kwanon da ya yi tsatsa har kana hango sama, da bangon banɗaki da ya tsage. Idan damina ta sauka, kwanuka da bokitai ake jerawa a kan gado. Kuɗin hayan da ya tara, in an raba wa magada goma sha ɗaya, bai kai a sayi bandir ɗin kwano ba. 'Yan haya na ganin an matsa musu, shi kuma yana ganin gidan na narkewa a hannunsa. Dukansu gaskiya suke faɗa. Abin da ke ci mini rai shi ne, tafiyar minti goma daga nan ga manyan gine-ginen masaƙu can a rufe, bishiyoyi sun fasa rufinsu, ga tsofaffin ma'aikatan wasunsu da suka yi shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu har da yawa suka mutu ba su karɓa ba. An sha yin alkawarin farfaɗo da su. Jiniya dai ba ta sake kaɗawa ba.

Ƙannen babban ɗan Baba sun matsa a sayar da gidan a raba gado. Wani dillali ya kawo mai saye har sau biyu, mutumin da ke son ya rushe ya yi shaguna da ɗakuna masu banɗaki a ciki, irin waɗanda babu ko mutum ɗaya a gidan da zai iya kamawa. 'Yan hayan sun ji labari. Ina fita, matar da ke ɗakinmu na da ta biyo ni soro da goyo a bayanta, ta ɗauka ni ne mai sayen. Ta dafa bututun ƙarfen nan ta ce, "Alhaji, don Allah in kun saya, ku bar mu mu kai bayan damina."