Hoton Gwiwa da Na'urar Maganaɗisu: Dalilin Tambayarku Batun Ƙarfe

Ya ku 'yan kasuwa da iyalai, ciwon gwiwa ba baƙo ba ne ga mai wuni a tsaye cikin rumfa, ko ɗan dako, ko wanda ya faɗi daga babur. Idan hoton ƙashi bai bayyana musabbabin ciwon ba, likita na iya tura ku hoton maganaɗisu, wanda ake kira MRI a Najeriya da Gana, IRM kuma a Nijar da Kamaru da Cadi. Shi ke nuna guringuntsi da jijiyoyi da ruwan da ya taru a gaɓa. Tafiyar takan yi nisa, wani lokaci har da ƙetare iyaka, kuɗin kuma ba kaɗan ba. Ya kamata ku san abin da ke ɓata hoton, kada wahalarku ta tashi a banza.

Na'urar ƙaton maganaɗisu ce. Mai ƙarfin tesla 1.5, wadda ake yawan amfani da ita, ta ninka maganaɗisun duniya kusan sau 30,000. Tana aika siginar rediyo zuwa ga ruwa da kitsen da ke jikinku, ta karɓi amsarsu, kwamfuta ta mai da ita hoto. Sharaɗin shi ne ƙarfin maganaɗisun ya zama bai ɗaya a duk faɗin gwiwar. Kun san sikelin da aka ɗora a karkace ba ya faɗin gaskiyar nauyi. Haka lamarin yake a nan: bambancin amsar ruwa da ta kitse bai wuce kashi uku da rabi cikin miliyan ba, saboda haka 'yar tangarɗa kaɗan ta isa ta rikita su. Sai kitse ya haska inda ake neman kumburi, ko wani sashe ya dushe.

Shi ya sa kafin a fara ɗaukar hoto, na'urar kan yi gajeren awo ta gano inda ƙarfin ya ƙaru da inda ya ragu, sannan ta daidaita shi da wasu wayoyin lantarki da ke cikinta. Wannan gyaran yana da iyaka. Ƙarfe yakan karkatar da maganaɗisu fiye da yadda za a iya gyarawa, motsin ƙafa kuma yakan rushe awon da aka riga aka yi.

Ga abin da ya rataya a wuyanku. Ku cire zobe, awarwaro, mabuɗi, tsabar kuɗi, waya, katin banki da laya kafin shiga ɗakin, domin maganaɗisun ba ya mutuwa ko da ba a aiki. Ku faɗa wa ma'aikata in an taɓa sa muku ƙarfe ko ƙusa a ƙashi, ko akwai harsashi a jikinku, ko ɓurɓushin ƙarfe ya taɓa shiga idonku, ko kuna da na'urar taimakon bugun zuciya. Ɓoye wannan na iya jawo mummunan rauni. Ku taho da takardun tiyatar da aka taɓa yi muku, ko a wace ƙasa aka rubuta su, domin da su za a san irin ƙarfen, a zaɓi hanyar da ta dace.

Aikin yakan ɗauki kimanin rabin sa'a, da ƙara mai yawa amma babu zafi. Ku kwanta shiru, kada ku motsa ƙafar har sai an ce an gama. Allah ya ƙara lafiya.