Zuba Kifi Ruwa-Biyu a Tapkunan Ƙasar Gumel: Wane Iri Ya Dace?

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba al'adar zuba 'ya'yan kifi ruwa-biyu a cikin tapkuna, sa'an nan a auna ko ta dace da ƙasar Gumel, watau ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, a arewacin Jihar Jigawa. Abin da ake nufi da kifi ruwa-biyu a nan shi ne wanda aka samu ta haɗa ƙwan wani iri da maniyyin wani iri mai kusanci da shi, kamar yadda ake samun alfadari daga jaki da goɗiya. Ra'ayin da takardar za ta kare shi ne, tsawon kwanakin da ruwa ke yi a tapki shi ya kamata ya zaɓa mana irin kifin da za a zuba.

2.0 Misali Daga Amurka

Masu fatsa don nishaɗi a Amurka suna ji da wasu kifaye biyu masu farautar 'yan'uwansu, faik da maski. Dukansu dogaye ne masu kaifin haƙora, kuma na ruwan sanyi ne. Faik ya bazu a arewacin Amurka da Turai da Asiya, kuma a gefen tapki inda ciyawa ta yi duhu ake nemansa, domin a nan yake laɓewa ya yi kwanton ɓauna. Shi kuwa maski, asalinsa yankin Manyan Tapkuna ne da Kogin San Lorans da saman Kogin Misisifi. Jihar Wiskonsin ma ta ɗauke shi kifin jiha a 1955.

Idan aka haɗa waɗannan biyu, sai a sami wanda suke kira taiga maski. Yana saurin girma, amma galibinsa ba ya haihuwa, kuma wannan rashin haihuwa shi ne babban amfaninsa ga hukumomin kifi. Alal misali, a 1988 Jihar Washinton ta zuba shi a Tapkin Mefil domin ya rage wasu kifaye da suka yi yawa, ya kuma jawo masu fatsa. In an ga yana ɓarna, sai a daina zubawa, ya ƙare da kansa.

Akasin haka ya faru a Tapkin Biktoriya na gabashin Afirka. A shekarun 1950 aka shigar da giwan ruwa, wadda take haihuwa, ta yaɗu ƙwarai a shekarun 1980, har ana ƙiyasin cewa kimanin iri 200 na ƙananan kifayen tapkin sun ɓace.

3.0 Yanayin Ruwa a Ƙasar Gumel

Ƙasar Gumel jigawa ce, ba ta da kogin da yake gudana duk shekara. Damina gajera ce, yawanci daga Yuni zuwa Satumba. Ruwan da yake kwanciya a sarari shi ne na tapkuna da kududdufan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini ko ta hanya. Waɗannan sukan cika a tsakiyar damina, su soma ja da baya da kaka, da yawansu kuma su ƙafe kafin bazara. Ruwan ba zurfi, ga laka, ga zafi, iskar da kifi yake shaƙa a cikinsa kuma takan yi ƙaranci idan ya janye.

Saboda haka faik da maski ba su da wurin zama a nan. Haka ma manyan mafarautan kifayenmu, giwan ruwa da tsage, waɗanda suke bukatar ruwa mai yalwa da wadatar iska, irin na Kainji ko Tiga. Kifayen da suka saba da irin tapkunanmu su ne gaiwa, wadda take shiga laka ta kwanta har damina ta zagayo, da tarwaɗa, wadda take da wata gaɓa a bayan kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, sai kuma karfasa mai jimirin zafi.

4.0 Ruwa-Biyun Tarwaɗa da Ramboshi

Kifi ruwa-biyun da masu kiwo a Nijeriya suka sani shi ne haɗin tarwaɗa da ramboshi, wanda masana suke kira Hetarokilariyas. Akan yi wa macen allurar da za ta nunar da ƙwai, a matse shi a kwano, a gauraya da maniyyin namijin ɗaya irin. Abin da ake nema shi ne jimirin tarwaɗa da girman jikin ramboshi. Shi ma yana shaƙar iskar sarari. Bugu da ƙari, yana cin 'ya'yan karfasa, wadda aibinta shi ne yawan hayayyafa har abinci ya kasa, kifin duka ya tsumbure. Ashe ke nan zai iya yin aikin da taiga maski yake yi a Amurka.

Sai dai akwai bambanci guda babba. Bincike ya nuna cewa wasu daga cikin waɗannan ruwa-biyu suna iya haihuwa. Kudancin masarautar kuwa ba shi da nisa da fadamun Kogin Haɗeja, kuma ambaliya irin ta 2022 takan haɗa ruwan da ba ya haɗuwa. Idan suka tsere suka gauraya da tarwaɗar kogi, ba mai iya raba su kuma, alhali da ita masuntan Haɗeja da Nguru suke ci da iyalinsu. Har wa yau, kifi ne mai cin ɗan'uwansa, babba ya haɗiye ƙarami.

5.0 Shawarwari

Na ɗaya, a ƙidaya tapkunan kowace ƙaramar hukuma, a san watan da kowane yake cika da wanda yake ƙafewa. Wanda bai kai wata 5 da ruwa ba, a bar shi.

Na biyu, a tanadi 'ya'yan kifi tun bazara, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A zuba waɗanda suka tasa, masu girma ɗaya, da zarar tapki ya cika, a kuma kwashe kafin tsananin hunturu, lokacin da sanyi yake rage wa kifi ci da girma.

Na uku, a keɓe ruwa-biyu ga kududdufan da ba su da mafita da kuma tankunan da ake cikawa da rijiyar burtsatse. Tapkin da yake malala da damina, tarwaɗa tsantsa ta ishe shi.

Na huɗu, a tuna cewa tapki mashayar dabbobi ne tun kafin ya zama wurin kiwon kifi. Wajibi ne dagatai da arɗo-arɗo su zauna a amince da lokacin su da wurin shayarwa, a kuma hana zuba guba don kama kifi. Masu shiga ruwan kuma a faɗakar da su kan tsargiya.

6.0 Kammalawa

Ƙasar Gumel ba ta rasa inda za ta kai kifin da aka banda ba, ga kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis da take tara fatake daga Nijeriya da Nijar. Abin da ya rage shi ne malaman kimiyyar halittu da na aikin gona na Kwalejin Ilmi ta Gumel su fara da ƙidayar tapkunan, kafin a zuba ko da kifi guda.